Na'ura Ta Karɓi Aikin Ɗan Koyo: Daga Ina Gwanaye Za Su Fito?

Kowace sana'a da ɗan Adam ya daɗe yana yi tana da ƙofar shiga, kuma ƙofar nan ƙanƙanuwa ce. Yaron maƙeri ba ya farawa da ƙera hauya. Zugazugi ake miƙa masa, ya daɗe yana hura wuta yana kallon yadda ƙarfe ke sauya launi kafin a yarda ya ɗauki masaba. Yaron tela kuwa sai ya gaji da guga da ɗaura maɓalli kafin a bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane. Wannan ƙaramin aiki amfaninsa biyu ne: yana rage wa maigida wahala a yau, yana kuma gina wanda zai gaje shi gobe. Da yake amfanin biyu tafe suke tare tun zamanin kakanni, ba a cika damuwa da rarrabe su ba.

Yanzu an sami abin da ya raba su. A cikin sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, wadda ba ta kai shekara ɗari a duniya ba, an ƙera kayan aiki masu ƙirƙirarriyar basira waɗanda ke iya yin babban kaso na aikin da aka saba ba sabon shiga, cikin ɗan lokaci kuma da kuɗi kaɗan. Amfani na farko ya samu har ya yi rara, na biyu kuwa ya rasa mai ɗaukar nauyinsa. Daga nan tambayoyi biyu suka taso, waɗanda lissafin riba kaɗai ba zai amsa su ba. In na'ura ta karɓi aikin ɗan koyo, daga ina gwanaye za su fito? Sa'an nan, wa zai ɗauki alhakin rubutun da ke aiki alhali ba wanda ya fahimce shi?

Abin da ya faru

Manhaja jerin umurni ce da ake rubuta wa kwamfuta cikin wani harshe mai tsauraran ƙa'idoji, inda waƙafi ɗaya da aka sa ba a muhallinsa ba kan iya tsayar da aiki baki ɗaya. A watan Yuni na shekara ta 2021, kamfanin GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018, ya fitar da Copilot don gwaji: marubuci ya soma layi, na'ura ta ƙarasa masa. Ranar 30 ga Nuwamban 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, wanda ake yi wa bayani da harshen yau da kullum ya mayar da shi umurni. Zuwa 2025 an kai ga irin su Cursor da Claude Code, waɗanda ke karanta aiki gaba ɗaya, su gyara fayiloli da yawa a zama guda, su gwada abin da suka rubuta, su koma su sake gyarawa.

Asirin aikinsu bai da wuyar faɗa, ko da yake ƙera su da wuya. An ciyar da su ɗimbin rubuce-rubuce, ciki har da manhajojin da miliyoyin mutane suka ajiye a fili bisa intanet, har suka naƙalci hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo bayan abin da aka riga aka rubuta. Saboda haka ne sukan yi daidai sau da yawa, saboda haka ne kuma in sun yi kuskure, kuskuren kan zo da kamannin daidai. Sukan ambaci ma'ajiyar umurni da ba ta taɓa wanzuwa ba, da irin natsuwar da suke ambaton wadda ke akwai.

Manyan kamfanoni sun rungumi abin. A watan Oktoban 2024 Sundar Pichai, shugaban Google, ya ce fiye da rubu'in sabon rubutun manhaja na kamfaninsa na'ura ce ke samar da shi, injiniyoyi su duba su amince. A watan Afrilun 2025 Satya Nadella na Microsoft ya ambaci kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Game da sauri kuwa, shaidu sun sha bamban. A wani gwaji da GitHub ya yi a 2022 da marubuta 95, waɗanda aka ba Copilot sun gama wani ƙayyadadden aiki da saurin da ya ɗara na sauran da kusan kashi 55 cikin 100. Amma a watan Yulin 2025 cibiyar bincike ta METR ta bayyana sakamakon gwajin da ta yi da ƙwararru 16 a kan ayyuka 246 cikin manyan manhajojin da suka daɗe da sani: da taimakon na'ura, lokacin da suka ɗauka ya ƙaru da kashi 19 cikin 100, alhali su a ransu sun ɗauka ya ragu da kashi 20. Kayan aikin sun ci gaba da sauyawa tun daga lokacin, to amma darasi ɗaya ya tsaya: mutum ba amintaccen alƙali ba ne a kan saurin kansa.

Tsoron ba sabo ba ne

Akwai masu cewa duk wannan hayaniya an taɓa jin irinta, kuma suna da hujja. Marubutan farko da lambobin na'ura tsantsa suke aiki. A 1952 Grace Hopper ta haɗa wata manhaja mai aikin tafinta tsakanin mutum da na'ura, a 1957 kuma John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fitar da harshen FORTRAN. A lokacin ma an yi ta zancen kwamfuta mai rubuta wa kanta umurni, gwanayen zamanin kuma suka yi ta shakkar ko rubutun tafinta zai kai nasu kyau. Abin da ya biyo baya shi ne yawan marubuta ya ninka sau da dama, domin da aikin ya yi sauƙi sai aka gano dubban wuraren da ake buƙatarsa. Tun a 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura da irin wannan a Ingila: da aka ƙera injunan tururi masu tsimin gawayin ƙasa, gawayin da ƙasar ke ƙonawa ƙaruwa ya yi, saboda arha ta jawo sababbin masu amfani. Mai yiwuwa ne haka za ta kasance ga manhaja, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari ana buƙatar mutane fiye da na yau.

Sai dai akwai bambanci da ya cancanci a tsaya a kansa. Tafintan Hopper da na Backus ba sa ƙara kome daga wurinsu. Abin da mutum ya faɗa filla-filla shi suke fassarawa, in an ba su rubutu iri ɗaya sau ɗari, amsa iri ɗaya za su bayar sau ɗari. Tunanin yana nan a hannun mutum. Sabuwar na'ura kuwa magana ake yi mata a dunƙule, ita ce ke cike giɓin da hasashenta. Ta haka aikin mutum ya tashi daga rubutawa ya koma tantancewa. A 1986 Fred Brooks, wanda ya jagoranci ɗaya daga manyan ayyukan manhaja na IBM, ya rarrabe wahalar sana'ar gida biyu: wahalar zubawa cikin harshen na'ura, da wahalar gane ainihin abin da ya kamata a gina. Ya ce ta biyun ita ce asali. Na'ura ta rage ta farko ƙwarai, ta bar wa mutum ta biyu da kuma tantancewa. Matsalar ita ce, har zuwa yau, hanyar da aka sani ta samun idon tantancewa ita ce shekarun da aka yi ana fama da ta farko.

Matakin da aka cire daga tsani

Masana tun da daɗewa sun fahimci haka. Aristo, a littafinsa na ɗabi'u, ya bayyana cewa da yin gini mutum ke zama magini, kamar yadda da aikata adalci yake zama adali. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya kira sana'a malaka, wato ƙwarewar da ke kafuwa a jiki da zuciya ta hanyar maimaita aiki, ya ƙara da cewa ingancin malakar ɗalibi yana bin ingancin ta malaminsa. A 1966 Michael Polanyi ya nuna cewa babban kaso na sanin gwani ba ya faɗuwa da baki. Maƙeri ya san ƙarfe ya nuna, amma in an ce ya rubuta ƙa'idar a takarda sai ya rasa ta cewa. Haka ma tsohon marubucin manhaja kan kalli shafi ya ji a jikinsa akwai aibi kafin ya iya nuna inda yake. Wannan ji ya samo shi ne daga dararen da ya kwana yana neman kuskuren da shi da kansa ya tafka. Hausawa sun taƙaice zancen da cewa da koyo akan iya.

Akwai alamun cewa ƙofar koyon ta soma ƙuncewa. A watan Agustan 2025 Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka fitar da nazarin da suka yi a kan takardun albashin miliyoyin ma'aikata a Amurka. Sun gano cewa yawan marubuta manhaja ƴan shekara 22 zuwa 25 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 daga ƙarshen 2022 zuwa tsakiyar 2025, alhali yawan waɗanda suka girme su bai ragu ba. Gaskiya ne akwai wasu dalilai da suka haɗu a wannan lokaci: kamfanoni sun ɗibi ma'aikata fiye da kima a zamanin annobar korona, kuɗin ruwa ya tashi a 2022, sallamar dubban ma'aikata ta biyo baya. Duk da haka, ganin yadda nauyin ya sauka a kan matasa fiye da kowa ya isa ya sa a yi tunani.

In an dubi kowane kamfani shi kaɗai, lissafinsa daidai ne. Sabon shiga yana cin albashi, yana cin lokacin manya, yana yin kuskure, kuma da zarar ya ƙware yana iya tafiya wurin wanda ya fi biya. Me zai hana a haɗa gwani ɗaya da na'ura, a ɗauko wani gwanin daga waje ranar da aka buƙata? To amma in kowa ya yi wannan lissafi, wajen da za a ɗauko gwanin zai zama fayau. Manomin da ya ci irinsa da rani ya ƙoshi a ranar, kuma in shi kaɗai ne, maƙwabci zai ranta masa. Ranar da gari duka ya ci iri, damina za ta sauka ta tarar da gonaki ba abin shukawa.

Nan ne zancen ya tashi daga dabarar kasuwa ya shiga fagen haƙƙi. Duk gwanin da ke jin daɗin na'ura a yau, akwai lokacin da aka biya shi yana jinkiri, aka haƙura da ɓarnarsa, wani ya bar aikinsa ya zauna ya nuna masa. Bashi ne ya ci, kuma irin bashin nan ba a mayar wa wanda ya bayar, na baya ake biya. Ita kanta na'urar bashin ta ci. Daga rubutun mutanen da suka gina manhajoji na kyauta irin su Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991, da amsoshin da aka yi ta ba juna a dandalin Stack Overflow tun 2008, ta sami abin da take taƙama da shi. A watan Nuwamban 2022 aka shigar da ƙara a wata kotun Kaliforniya a kan GitHub da Microsoft da OpenAI, bisa zargin keta sharuɗɗan da masu wannan rubutu suka gindaya. Ko wane hukunci shari'a ta yanke, wani abu a bayyane yake: tun ƙarshen 2022 tambayoyin da ake aikawa wancan dandali sun ragu ainun, domin mutane sun koma tambayar na'ura a keɓe. Rijiyar da kowa ke sha amma ba mai yasarta, ranar ƙafewarta tana tafe.

Mai ɗaki da inda ke yoyo

Tambaya ta biyu ta shafi fahimta. A 1985 masanin ƙasar Danmak Peter Naur ya kawo wani ra'ayi da ya saɓa wa abin da aka saba ji. A ganinsa, rubutun da ke cikin fayil ba shi ne manhaja ba. Manhaja ita ce fahimtar da ke cikin kawunan waɗanda suka gina ta, wato sanin dalilin da ya sa aka yi kaza aka bar kaza, da yadda kowane sashe ya dace da al'amuran duniyar da aka yi shi dominta. Ranar da waɗannan mutane suka watse, manhajar ta mutu ko da tana ci gaba da aiki, domin ba sauran mai iya gyara ta da basira. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ra'ayin Naur gaskiya ne, to manhajar da na'ura ta rubuta, mutum ya karɓa bai karanta ba, ɗaki ce da ba ta taɓa yin mai ita ba.

Tarihi ya nuna abin da rubutun aro kan jawo tun kafin zuwan waɗannan na'urori. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kuru, a Guyana ta Faransa, ta tarwatse ba ta cika minti ɗaya a sama ba. Kwamitin bincike ya gano cewa an ɗauko wani sashen manhaja daga Ariane 4, inda ya daɗe yana aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, sai wata lamba ta girmi gurbin da aka tanadar mata, na'urar saita hanya ta tsaya. Rubutun daidai ne a gidansa na asali. Sharaɗin da aka gina shi a kai ne ya sauya ba a sake gwadawa ba. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma abin da na'ura ke bayarwa a yau, in an bi asalinsa, aro ne daga dubban gidaje da ba a san sharuɗɗansu ba.

Za a ce ai mutum yana nan yana dubawa. A 1983 Lisanne Bainbridge ta yi nazarin masana'antun da aka miƙa wa na'urori, ta nuna wani abin mamaki: ana karɓe wa ma'aikaci aikin yau da kullum, wanda shi ke wasa ƙwarewarsa, a bar masa tsaro kawai, sa'an nan ranar da al'amari ya fi ƙarfin na'ura a ce ya karɓa, a daidai lokacin da hannunsa ya yi tsatsa. Ranar 31 ga Mayun 2009 jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Riyo za shi Paris. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, na'urar tuƙi ta saki ragama, matuƙa suka kasa gane cewa jirgin ya rasa iskar da ke riƙe da fikafikansa. Mutum 228 suka rasu a tekun Atlantika. Daga cikin shawarwarin da hukumar binciken Faransa ta bayar a rahotonta na 2012 akwai ƙara horar da matuƙa tuƙi da hannu a can ƙololuwar sama. Mai tantance manhajar da ya shekara biyar bai rubuta da hannunsa ba, halin da yake ciki ke nan.

Alhaki ba ya hawa kan na'ura

Bincike ya nuna tantancewar ba wasa ba ce. A 2021 masu nazari a Jami'ar New York sun sa Copilot na farko ya rubuta manhajoji 1,689 a wuraren da tsaro ke da muhimmanci, suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 suna da ɓarakar da ɓarawo zai iya bi. A 2022 wasu masana a Stanford suka gano cewa mutanen da aka ba mataimakin na'ura sun rubuta abin da tsaronsa ya fi rauni, amma sun fi sauran amincewa cewa nasu na da tsaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle bangon da mai shi ya rantse ba shi da tsaga. Su kansu ma'abota sana'ar sun san da haka. A ƙidayar ra'ayi da Stack Overflow ya yi a 2025, kashi 84 cikin 100 sun ce suna amfani da kayan ko suna da niyya, amma kashi 46 sun ce ba su amince da sahihancin amsoshinsu ba, masu amincewa kuwa kashi 33 ne.

Abin da ke faruwa in jama'a ta ɗauki maganar kwamfuta tamkar yankan wuƙa, Ingila ta gani. Daga 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta soma aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda Fujitsu ya haɗa. Manhajar tana da kurakurai da ke nuna giɓin kuɗi inda babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙon ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗi. Wasu aka ɗaure, wasu suka talauce, mutuncinsu ya zube a garuruwansu. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da aibin manhajar, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Mutane ne suka rubuta Horizon, amma kalmar da aka fake da ita tsawon shekaru ita ce «kwamfuta ce ta nuna». Yanzu ga wata sabuwar mafaka ta samu: «na'ura ce ta rubuta».

Wannan mafaka ba ta da tushe. Na'ura ba ta rantsuwa, ba ta jin kunya, ba a kiranta gaban alƙali, kuma ba ta da sunan da zai ɓaci. Alhaki kuwa sai mai waɗannan abubuwa ke iya ɗaukarsa. Saboda haka yana nan a wuyan mutumin da ya ce «na duba, a saki», da na kamfanin da ya ɗora shi a kan aikin. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba ya yi shaidar abin da bai gani ba. A nan akwai buƙatar rarrabewa. A watan Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana wani salo da ya raɗa wa suna vibe coding, wato mutum ya yi ta gaya wa na'ura abin da yake so yana karɓar amsa ido rufe. Shi da kansa ya danganta salon da ƙananan ayyukan nishaɗi da za a iya jefarwa. Mai haɗa wa kansa abin wasa bai ci amanar kowa ba. Mai haɗa manhajar da za ta ƙidaya maganin majinyaci, ko ta ajiye kuɗin mata masu adashi, hukuncinsa dabam ne, domin gwargwadon wanda zai cutu in an yi kuskure, gwargwadon fahimtar da ta wajaba a kan mai sa hannu.

Ɗaya gefen sikeli

Adalci ya sa a faɗi alherin abin. A littafin Fedrus, Aflatun ya kawo labarin wani sarkin Masar da ya ƙi murna da ƙirƙiro rubutu, don tsoron kada ya raunana hadda ya cika gari da masu kamannin sani. Tsoronsa da ƙamshin gaskiya, amma da rubutu ne labarin nasa ya iso wannan zamani. Haka nan na'urar lissafi ba ta kashe ilimin lissafi ba, domin makarantu sun nace a kan yaro ya haddace jadawalin ninkawa kafin a miƙa masa ita. Ƙwarewa takan tsira a inda aka yi niyyar tsirar da ita.

Ga matashin da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko a Damagaram da Tawa, al'amarin fuska biyu ne. Wanda dā ba shi da gwanin da zai tambaya, yau yana da mai bayani da ba ya gajiya, wanda zai warware masa saƙon kuskure da Faransanci ko da tsakar dare. Wannan ba ƙaramar dama ba ce. A ɗaya gefen, ƙananan ayyukan da ake samu daga kamfanonin waje ta intanet, waɗanda matasan Afirka da dama suka ɗora wa buri, su ne na'ura ta fara haɗiyewa. Ƙofar ma ta soma ƙuncewa tun kafin haka. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da sababbin shiga ya haɗa su da kamfanonin ƙetare, ya sallami kimanin 400 daga cikinsu a watan Satumban 2019, yana mai cewa kasuwa ƙwararru take nema.

Inda matashin nan ya fi kowa rinjaye shi ne wahala ta biyu da Brooks ya ambata, wato gane abin da ya kamata a gina. Na'ura ta fi ƙarfi a inda rubutu ya yi yawa, tana raunana a inda ya yi ƙaranci. Yadda ɗan kasuwar Maraɗi ke riƙe lissafin bashi, yadda ƙungiyar manoman albasa ke raba kuɗi, abin da manhaja za ta yi in layin sadarwa ya yanke ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar biya, duk waɗannan ba su cika cikin littattafan da aka ciyar da ita ba. Wanda ya san su, ya kuma san sana'arsa har ya iya kama na'ura in ta yi kuskure, shi ne mai ɗaki. Wanda ya tsaya ga kwafe amsa kuwa ya shiga takara da na'ura a fagen da ta fi shi sauri da arha.

Kammalawa

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma ba mai hankalin da zai nemi a mayar da waɗannan kayan aiki inda suka fito. Abin da ya rage shi ne a gane cewa amfani biyun da ƙaramin aiki ke bayarwa sun rabu, kuma wanda dā yake zuwa a ɓagas yanzu sai an biya kuɗinsa da gangan. Kamfanin da ke cin ribar saurin na'ura, wajibinsa ne ya mayar da wani kaso na ribar wajen ɗaukar sababbin shiga, ya ba su lokacin yin jinkiri. Makarantar da ke koyar da sana'ar, wajibinta ne ta ware wuraren da ɗalibi zai yi fama shi kaɗai da kuskurensa, ta kuma riƙa tambayarsa dalilin kowane layi da ya gabatar, ko wa ya rubuta shi. Gwani kuma ya riƙa komawa ga rubutu da hannu lokaci-lokaci, kamar yadda aka shawarci matuƙan jirgi, ya zauna da na baya kamar yadda aka zauna da shi.

Shi ɗan koyon, ba a hana shi tambayar na'ura ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya bambance ranar aiki da ranar koyo, ya kuma ɗaure wa kansa ƙa'idar da ba wani shugaba da zai iya tilasta masa ita: kada ya miƙa wa mutane abin da ba zai iya yi musu bayaninsa ba ranar da ya lalace. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwanayen da asibitoci da bankuna da filayen jirgin sama za su nema nan da shekara goma sha biyar, yau ne suke ƙwanƙwasa ƙofa suna neman a ba su zugazugi.